Shekara Tara Kafin A Naɗa Fada Guda

A ƙauyuka da dama na jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, mabiya ɗarikar Katolika sukan yi makonni ba su sa Fada a ido ba. Katikis ne ke jan addu'ar Lahadi, amma ba shi da ikon yin Mas ko sauraron masu furta zunubi. Tilas a jira ran da Fada ya zagayo.

Dalili kuwa, ba a yin Fada dare ɗaya. Bayan sakandare, saurayi yakan shafe wajen shekara tara yana karatun falsafa da tauhidi, a makarantu irin su Saint Augustine ta Jos, wadda aka kafa cikin 1967. Dayosis ɗinsa ce ke ɗaukar nauyinsa, ita kuwa da baikon jama'a ta dogara.

Taimakon waje ya daɗe. Cikin 1889 wata Bafaranshiya, Jeanne Bigard, da mahaifiyarta suka fara tara kuɗin horar da 'yan ƙasa, bayan Bishop na Nagasaki ta Japan ya kai musu kuka. Ƙungiyar tana nan har yau a ƙarƙashin Paparoma, kuma sunansu babbar makarantar Fada-fada ta Inugu ta ci.

Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mai jiran Fada a ƙauye yana bukatar wanda ya san harshensa da hanyar garinsu, watau ɗan gida. Mudun dawar da manomi ya kai majami'a ran godiyar kaka, da shi ake renon wannan ɗa.