Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani: Hasarar da ke Farawa Daga Kemis

BAUCI — A sashen kulawa ta musamman na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci, ake kwantar da waɗanda ciwo ya tsananta gare su. A irin wannan sashe ne kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka fi saurin gazawa.

Dalili kuwa shi ne, majinyacin ya riga ya raunana, ga bututun numfashi, ga robar fitsari, ga allurar ƙarin ruwa, kowannensu ƙofa ce ga ƙwayar cuta. Da yake ana ba da magunguna masu ƙarfi kullum, ƙwayoyin da suka tsira sukan hayayyafa, su bi hannun ma'aikaci zuwa gado na gaba.

Idan maganin farko ya gaza, tilas a koma ga mai tsada wanda akan shigo da shi da kuɗin waje, kwanakin jinya su ƙaru, jarin iyali ya narke. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa matsalar ta hallaka mutum miliyan 1.27 a duniya cikin 2019, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Bankin Duniya ya yi kashedi tun 2017 cewa tana iya zaftare kashi 3.8 cikin ɗari na arzikin da duniya ke samarwa a shekara, nan da 2050.

Hanyoyin shawo kanta a asibiti sanannu ne: wanke hannu kafin taɓa majinyaci da bayansa, awon jini ko fitsari kafin zaɓen magani, cire bututu da zarar bukatarsa ta ƙare, keɓe mai ɗauke da ƙwayar da ta bijire, da adana magunguna mafi ƙarfi sai in babu makawa. Nijeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan matsalar a 2017, ta sabunta shi a 2024.

Sai dai sau da yawa majinyaci kan iso asibiti da ƙwayar da ta riga ta bijire. Mai kemis da ya sayar da kafso biyu ba tare da takardar likita ba, da mai gidan kaji da ke zuba magani a ruwan kaji masu lafiya, duk suna da hannu. Ribar 'yan nairori ce yau, amma ranar da ɗan kasuwa ko ɗansa ya kwanta a wancan gado, shi zai biya ta ninkin-ba-ninkin.