Magungunan ciki iri biyu: mai rai da marar rai

A farmasi ana sayar da wasu magunguna iri biyu, kowane an ce na gyaran ciki ne. Ɗaya sunansa furobiyotik, ɗayan kuma anzim. Mutane da yawa suna ɗauka abu guda ne, sai su kashe jika biyu ko uku a kan wanda bai dace da ciwonsu ba. To, bari mu rarrabe su.

Mene ne anzim?

Ka ɗauki lomar tuwo ba miya, ka yi ta tauna ta, kada ka haɗiye da wuri. In an jima za ka ji ta soma zaƙi. Me ya kawo zaƙin? A cikin yawun bakinka akwai wani sinadari mai farfasa gari, yana mai da shi sukari. Shi ne anzim. Ba shi da rai, ba ya haihuwa. Aikinsa kamar na dutsen niƙa ne: ya rugurguza abinci har jiki ya iya tsotse shi.

Jikinmu da kansa yake yin anzim. Akwai na baki, akwai na tumbi mai narkar da nama. Mafi yawa suna fitowa daga wata doguwar tsoka da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci suke kira pankireyas. Kowane anzim da aikinsa. Mai narkar da mai ba ya taɓa nama, mai narkar da nama ba ya taɓa gari.

Itatuwa ma suna da nasu. Shi ya sa in aka naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda sai ya yi taushi.

Mene ne furobiyotik?

Wannan mai rai ne. Cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai, ba su ƙirguwa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ba duka ne miyagu ba. Na kirki suna cin ragowar abincin da anzim bai iya narkarwa ba, kamar dusar hatsi da ta wake. Suna kuma tare wuri, su hana ƙwayoyin cuta zama, kamar yadda gero mai ƙarfi yake danne ciyawa.

Matan Fulani sun daɗe suna aiki da irin waɗannan ƙwayoyi. In mace ta zuba ɗan tsohon nono cikin madara ta rufe ƙwarya, da safe sai ta tarar ya yi tsami ya daskare. Ƙwayoyin ne suka hayayyafa cikin dare. A shekarar 1907 wani masani mai suna Metchnikoff, a birnin Paris, ya rubuta cewa ƙwayoyin nono mai tsami suna da amfani ga hanji. Furobiyotik na farmasi irinsu ne aka zaɓa, aka busar, aka zuba a kwanso ko a ƴar takarda. Wani ma yis ne, dangin na burodi.

Misalin madara

Akwai mutumin da in ya sha madara sabuwar tatsa sai cikinsa ya yi ta ƙugi, ya kumbura, har ya yi zawo. Amma in ya sha fura da nono, lafiya lau. A cikin madara akwai wani sukari, kuma anzim guda ne yake narkar da shi. Jarirai suna da shi, amma mutane da yawa in sun girma sai ya ragu. Fulani da Buzaye da yawa ba sa rasa shi. A nono mai tsami kuwa, ƙwayoyi sun riga sun cinye wani kashi na sukarin. Mai wannan matsala anzim ɗin madara ne ya yi masa ƙaranci, kuma nonon gida ya fi masa araha bisa ga na kwalba.

Wane ne yake bukatar wane?

Mai lafiya ba ya bukatar sayen anzim, jikinsa yana yin isasshe. Wanda yake bukata shi ne wanda pankireyas ɗinsa ta lalace: yana ci yana ramewa, bayan gidansa da maiƙo da wari ƙwarai. Wannan lokotoro ne zai auna shi ya rubuta masa. Ana shan anzim tare da abinci, kuma aikinsa na wannan cin ne kaɗai.

Furobiyotik kuwa an fi ba da shi ga wanda yake shan antibiyotik. Antibiyotik ba ya zaɓe, yana kashe miyagun ƙwayoyi da na kirki, shi ya sa wasu suke zawo bayan sun sha. Wasu irin furobiyotik suna rage wannan zawo. Ana shansu kwanaki a jere, kuma yawancinsu baƙi ne, in aka daina sha sai su fice. Zafi yana kashe su. Wanda ya wuni a rana kan teburin mai talla a kasuwa, a ganinmu asarar kuɗi ne. Haka koko: gasararsa ta yi tsami, amma tafasasshen ruwa ya kashe ƙwayoyin. Bakwaini da marar lafiyar da ya galabaita, kada a ba su sai da izinin lokotoro.

Duka biyu ba sa kashe tsutsar ciki, ba sa maganin atuni.

Mata, ku saurara

In yaro yana zawo, abin da yake kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. A dama takarda ɗaya ta garin SRO cikin litar ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. A ci gaba da ba shi mama. In akwai jini, ko ya kasa sha, a kai shi gidan likita maza.

Ga kuma wani anzim na kyauta. A jiƙa gero, a rufe shi kwana biyu ko uku har ya tsira, a shanya ya bushe, a murje tsiron da saiwar, a niƙa. In dawa ce a murje sosai, don tsironta yana da dafi. In kin dama kunu mai kauri, ki bari ya ɗan huce, ki barbaɗa ɗan cokali guda na garin nan ki motsa. Kunun zai tsinke ba tare da kin ƙara ruwa ba. Ki sake ɗora shi ya tafasa kaɗan. Yaron yaye zai sha cikin sauƙi, kuma abin da ya shiga ɗan cikinsa hatsi ne sosai.

Madarar da za a yi nono da ita, a tafasa ta tukuna, a bari ta huce, sannan a zuba tsohon nonon. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka da baƙƙale daga dabba zuwa mutum.