Rajista biyu, ciwo ɗaya: yadda ake gano garuruwan da ba a rubuta ba

Idan ciwon PPR ya shiga awaki da tumaki a kwamin ta Karofane, ba kowane mai garke ne ke zuwa ma'aikatar kiwo ya faɗa ba. Wani ya sayo magani a kasuwa, wani ya yanka akuyar kafin ta mutu. Ga shi kuma zawo, majina da gyambon baki suna iya kama da wani ciwo daban. Saboda haka abin da ke cikin rajistar Bouza ko ta Madawa bai kai abin da ya faru a daji ba, alhali lissafin da ke rubuce shi ne hukuma ke dubawa idan za ta san inda ya kamata a ƙarfafa lamba.

Akwai dabarar da ke nuna girman abin da ya ɓace. Tana bukatar rajista biyu da aka rubuta daban-daban.

A ce, don misali kawai, ma'aikatar kiwo ta rubuta garuruwa 30 da ciwon ya shiga cikin shekara guda. Ƙungiyar makiyaya kuma, ta bakin membobinta, ta rubuta 24. Da aka haɗa sunayen, sai aka ga 12 sun fito a duka biyun. Ke nan garuruwa 42 aka sani. To amma ku duba nan: cikin 24 na ƙungiya, 12 kaɗai ma'aikata ta sani, wato rabi. In rabi take kamawa, 30 ɗin nata ma rabin gaskiya ne. Jimilla za ta kai wajen 60, kuma garuruwa 18 babu wanda ya rubuta su. Lissafin shi ne 30 sau 24, a raba da 12.

Dabarar ta tsufa. Petersen ya yi wa kifi alama a ƙasar Denmak a 1896, Lincoln ya ƙirga agwagin ruwa da ita a Amurka a 1930, a 1949 kuma aka yi amfani da ita wajen ƙiyasin haihuwa da mutuwa a Indiya. A lardin Svay Rieng na Kambodiya, masu bincike sun gwada ta a kan ciwon baki da kofato na shekarar 2009, suka tarar kusan gari 5 cikin 100 da ciwon ya shiga ne kawai labarinsu ya isa hukumar lardi.

Sai dai a ƙasarmu akwai abubuwan da ke ɓata lissafin. Babba shi ne in rajistar biyu daga baki ɗaya suka fito. Idan mataimakin likitan dabbobi na gari shi ne ke kai rahoto ma'aikata, shi ne kuma sakataren ƙungiya, sunaye za su yi ta haɗuwa, lissafi ya nuna kamar ba a rasa komi ba. Haka rugagen da ke nesa da hanya: duka biyun suna tsallake su, adadin ya fito ƙasa da gaskiya.

Sai tafiyar bisashe. Garken da ya yi damina wajen Abalak, ya gangaro fadamar Tarka bayan girbi, ana iya rubuta shi a Keita, a sake rubuta shi a Madawa da sunan wani wuri. Ciwo ɗaya ya zama biyu, haɗuwa ta ragu, ƙiyasi ya kumbura. Gari mai suna biyu, na Hausa da na Fulatanci ko Tamajaƙ, shi ma haka yake yi.

A ganinmu, nan ne ƙungiya ta fi kowa amfani. Ku riƙe littafinku da kanku, kada ku kwafe na ma'aikata. Ku rubuta sunan gari ko rijiya, watan da ciwon ya fara, irin dabba, alamomin da aka gani, da nawa suka mutu. Ku sanar da likita ya ɗauki jini ko majina a kai LABOCEL, don a tabbatar PPR ne.

A 2015, a Abijan, hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da PPR, kamar yadda aka gama da bushiya a 2011. Kafin a yarda ciwon ya ƙare a Nijar, dole a nuna cewa rajistar da babu komi a cikinta tana kama ciwon in ya shigo.