Citta, damina da ilimin dattawa: Binciken da Kudancin Kaduna ke jira

A daminar 2023 cutar ruɓewa ta auka wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a. Ganye ya ƙone, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da dama suka rasa amfani suka rasa iri. A yankin da citta ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti, asarar ta shiga kusan kowane gida.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya take ƙara nauyi: wa ke tattara abin da manoman yankin suka sani game da ƙasarsu da ruwan samansu? Dattawan Ham, Bajju, Atyap da Fantswam suna lura da juyawar iska, tohon itatuwa da fitowar shinge kafin su saki jiki da damina. Suna lulluɓe gonar citta da ciyawa da ganye domin riƙe danshi, suna kuma noma acca, wadda ke yi ko a ƙasar da ta gaji. Bikin Afan na Kagoro, da ake yi ranar 1 ga Janairu, yana da tushe a ƙarshen girbi da buɗe lokacin farauta. Mafi yawan wannan sani a baki yake, cikin harsunan Hyam, Jju da Tyap, kuma masu riƙe da shi suna tsufa.

Wannan fage ne na digirin digirgir. Jami'ar Jihar Kaduna tana da tsangayoyin aikin gona da na nazarin muhalli a reshenta na Kafanchan, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ke horar da malamai. Ɗalibin da ya zauna da manoma shekara uku, ya rubuta alamominsu da harshensu, sannan ya gwada su da bayanan ruwan sama na hukumar NiMet, zai iya tantance wace alama ce ke aiki har yanzu, wace ce sauyin yanayi ya rikita. Gwajin ya zama dole, domin dabarun gargajiya ba su hana annobar 2023 ba, kuma ruwan farko yakan yaudari mai shuka.

Doka ta riga ta share hanya. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta nemi a yi la'akari da ilimin gargajiya wajen tinkarar sauyin yanayi. Dokar Sauyin Yanayi da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin, ta kuma tanadi shigar da darasin cikin manhajar makarantu.

Sauran aikin yana kan teburorin Abuja. Asusun TETFund ne ke ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantu, hukumar NERDC ce ke tsara manhaja. Idan na farkon ya fifita irin wannan bincike, ta biyun kuma ta karɓi sakamakonsa, yaron Kwoi zai koyi sauyin yanayi da misalin gonar mahaifinsa. In ba haka ba, kundin zai kwanta a ɗakin karatu, dattawan kuma su tafi da abin da suka sani.