Ko Kun Sani? Yawancin Dinoso Ba A Tono Su Ba Tukuna

Ko kun san cewa jerin nau'o'in dinoso da ke hannun masana ya fi nuna inda aka yi tono, ba inda dabbobin suka fi yawa ba? Ƙashi ba ya zama dutse sai laka ko rairayi sun binne shi da wuri, kamar a bakin kogi ko tafki. Dinoson da ya mutu a kan tsauni, da wuya ya bar alama. Ƙananan kuwa, ƙasusuwansu sun fi saurin rugujewa.

Sannan akwai batun masu neman. Amurka da Kanada da Sin da Mongoliya da Ajantina sun sha tono, alhali yawancin faɗin Afirka ba a tona shi sosai ba. Da masana suka duƙufa a Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, sai ga Ouranosaurus, wanda aka raɗa wa suna a 1976, sai kuma Nigersaurus mai faffaɗan baki a 1999.

Don gyara wannan karkata, masana kan ɗebo samfuri daidai wa daida daga kowane zamani kafin su kwatanta, ko su duba yawan nau'o'in da sau ɗaya tak aka taɓa samu, domin yawansu alama ce cewa da sauran aiki. Da lissafi irin wannan Steve Wang da Peter Dodson suka ƙiyasta a 2006 cewa jinsunan da za a iya ganowa sun kai kusan 1,850, alhali 527 kacal aka sani a lokacin.