Wa Ya Binne Teku a Ƙarƙashin Agadem?

Ga kacici-kacici, mai karatu. Tsaya a tashar Dakoro ka dubi ɗan kabu-kabu yana shan mai. Idan man daga matatar SORAZ ta Damagaram ya fito, wadda aka buɗe a 2011, to asalinsa Agadem ne, can cikin hamadar jihar Difa. Masana kuwa sun ce fetur gawar ƙananan halittun ruwa ce, wadda laka ta rufe, zafin ƙasa ya dafa. To wane ruwa ne a Agadem, inda ko raƙumi sai an yi masa lissafin rijiya?

Na fara zargin na kusa da gida, wato kwarin Tarka da ya ratsa ƙasar Dakoro. Kowa ya gan shi ya san kogi ya taɓa kwana a nan. Amma kogi yashi yake bari, kuma Tarka bai kai Agadem ba. Na sallame shi.

Sai tafkin Cadi. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce ya cika ya batse, ya mamaye ƙasa mai faɗi. Na ce to, ɓarawo ya shiga hannu! Ashe yaro ne. Fetur na son shekaru miliyoyi, da binnewa mai zurfin kilomitoci.

Manyan dabbobin Gadufawa fa, da katon kadan nan da aka tono ƙasusuwansa a jihar Agadas? Shekarunsu sun kai, wajen miliyan 110. Sai dai ƙashi dutse yake zama, ba mai ba. Duk da haka sun bar mini sawu: a zamaninsu ne abin ya faru.

Sawu na biyu yana cikin birnin Damagaram. Waɗannan duwatsun da suka yi tsaye tsakanin gidaje, su ne daɓen da ƙasarmu ke zaune a kai. A nan ga su a fili, yara na hawa. A kwarin Termit, inda Agadem take, daɓen nan ya nutse, a wasu wurare fiye da kilomita 10. Ba wanda ya haƙa. Ba abin da ya faɗo daga sama. Wani abu ne ya ja.

Ka taɓa ganin majemi yana jan fata? Tsakiyarta ke fara sirancewa, kafin ta dare. Haka aka yi wa Afirka. Shekaru kamar miliyan 130 baya, tana manne da Kudancin Amurka, sai suka fara rabuwa, tekun Atlantika na buɗewa tsakaninsu. Jan bai tsaya a gaɓa ba, ya shigo cikin nahiyar. Ɓawon ƙasa ya miƙe, ya tsattsage, manyan ɓangarori suka zame ƙasa kamar matakala, daga kwarin Binuwai a Najeriya zuwa Termit da Tenere, har Doba a Cadi da Muglad a Sudan. 

Rami ya samu, sai teku ta biyo. Wajen shekaru miliyan 95 baya ta ratsa Sahara, ta zuba baƙar laka mai cike da halittu. Ramin na nutsewa, laka na taruwa, zafi na dafawa. Daga baya jan ya tsaya, Afirka ba ta rabe ba, yashi ya rufe komai.

Dakoro kuwa tana yamma da duwatsun Damagaram, cikin kwarin Iullemmeden, wanda ya lotsa a hankali kamar faranti. Abin da ya ajiye mata a ƙarƙashi ruwa ne cikin dutsen yashi, shi makiyaya ke jawowa da guga daga rijiyoyi masu zurfi.