Kwatano, Bakin Tekun Mutanen Arewa

Masu sauraro a Kore Mairuwa, Dogondutsi, Tibiri da sauran garuruwan Arewa, shirinmu na yau zai kai mu Kwatano, birnin da ke can kudancin Benin, amma yake da hannu a farashin shinkafa, man girki da takin da muke saya a kasuwanninmu. Hujjar da zan kafa ita ce, shimfiɗar ƙasa ce ta ɗaura Nijar da wannan birni, kuma saɓanin gwamnatoci bai isa ya kwance ɗaurin ba.

Kwatano na zaune a kan siririn tudun yashi tsakanin tekun Atlantika da tabkin Nokuwe. Da can ƙaramin gari ne a ƙarƙashin sarakunan Dahome, har Faransawa suka mallake shi ta yarjejeniyoyin 1868 da 1878. Gaɓarsa ba ta da lungun da jirgi zai fake, igiyar ruwan kuma mai ƙarfi ce. Shi ya sa aka yi shekaru jirage na tsayawa can cikin teku, ana kwaso kaya da ƙananan jirage zuwa wata doguwar gadar ƙarfe, sai a 1965 aka buɗe tasha mai zurfi. Abin da ya ɗaukaka garin a bayansa yake: layin dogo mai kilomita 438 da ya isa Faraku a 1936. A da, daga nan manyan motoci ke ɗauka zuwa Malanbil, su haye gadar kogi zuwa Gaya, su kai Doso, inda suke hawa babbar hanyar da ta ratsa yankinmu. Tun 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa a kan wannan hanya, kuma 'yan'uwanmu da ke unguwar Zongo da kasuwar Dantokpa sun daɗe da cin abinci a kanta.

Wani zai ce: ai an rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumin da ta ƙaƙaba a Fabrairun 2024, Nijar ta bar gadarta a rufe saboda dalilan tsaro, kuma kaya ba su daina shigowa ta Lome ba. Gaskiya ne, kuma tsaro ba abin wasa ba ne. Sai dai kayan Lome sai sun ratsa Burkina Faso da rakiyar soja, sun jira ayari ya haɗu, sun isa Yamai, sannan su nufo gabas. Kuɗin kowane kwanan jira a kan mai saye yake ƙarewa. A lokacin da gada take rufe, kwale-kwale ya riƙa jigila tsakanin Malanbil da Gaya. Bututun man Agadem ma, mai kusan kilomita 2,000, a Seme ya tsaya, dab da Kwatano.

Masu cewa dogaro da ƙofa ɗaya haɗari ne sun fi ƙarfin hujja, kuma ina tare da su a nan. Amma maganinsa ƙara ƙofofi ne, ta Lome da ta Najeriya, tare da gyara wadda ta fi kusa. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai haɗu da na Faraku ba, kuma manomin Arewa da ke neman kai wakensa da gyaɗarsa kudu shi ne ke ɗaukar nauyin wannan giɓi.